Aljihun Teburin Ma'aji

Yau da hantsi muka buɗe aljihun teburinka,
ni da Gambo masinja,
da makullin nan da ka ɗaure da igiyar takalmin soja.
Ga jan biro, ga shuɗi,
ga ɓarin goro ya bushe cikin takarda,
ga tabarau mai ƙafa ɗaya
da ka ce shi zai kai ka ritaya.
Shi ya kai. Kai ne ba ka kai ba.

Saja Ilu na Gwangwazo,
kafin bakwai besfarka na tari a bakin ƙofa,
ka sauko ka jawo ƙafar hagu,
wadda Laberiya ta riƙe rabin gwiwarta.
Ba ka taɓa ba mu labarin yaƙi ba.
Sau ɗaya, ran da tayar mota ta fashe a Kabuga,
na ga ka tsaya cak, fuskarka ta tafi wani wuri,
da ta dawo ka ce, "Ina muka tsaya?
Shafi na tara."

Na tsane ka a shekarata ta fari, Allah ya yafe mini.
Naira goma sha biyar ta ɓace a lissafi,
ka zaunar da ni har aka kira Magariba.
Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in cika daga aljihuna."
Ka ce, "Ba kuɗin nake nema ba, yarinya,
ƙofar da suka bi nake nema.
Inda ɓera ya wuce, gafiya na tafe."
Da muka gano su, sai ka aika aka sayo mini gurasa.

Ɗan kwangila ya aiko rago ana jibi Sallah.
Da kanka ka ja shi, kana ɗingishi,
daga nan har Gadon Ƙaya,
ka ɗaure a ƙofar gidansa,
ka ce wa yaransa, "Na ga ya ɓata hanya ne."

Mu dai mun san ka da riƙo.
Ƙusa ba ta fita sai da rasit.
Shugaban kwaleji ma kan gyara murya
kafin ya shigo neman kuɗin tafiya.

To, can ƙasan aljihun,
ƙarƙashin tsohuwar lambar yabo da ta yi tsatsa,
muka tarar da littafi irin na 'yan firamare.
Sunaye ne, Saja, shafi bayan shafi.
Ladidi Tanko, zango na biyu.
Bulus Audu, kuɗin jarrabawa.
Sagiru, maraya, duka.
Gefen kowane suna ka rubuta da shuɗi, an biya,
kwanan watan kuma ranar da fanshon soja ke shiga.

Ashe kai ne "wani bawan Allah"
da nake faɗa wa yara in sun zo da kuka.
Ni nake buga hatimin, ban sani ba.
Shekara goma sha ɗaya ina gefenka
kamar mai kwana a bakin rijiya yana tambayar inda ruwa yake.

Gambo ya juya baya, wai ƙura ce ta shigar masa ido.

An ce ranar da aka kai ka Ɗandolo
hanyar Goron Dutse ta toshe.
Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, wani mai gyaran rediyo,
kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Akwai suna na ƙarshe da ba ka kai ga rubuta masa komai ba.
Hansatu Ɗanjuma, aji ɗaya.
Na ɗauki shuɗin biron, Saja.
Albashi zai shiga ran ashirin da takwas.

Allah ya sa lissafinka ya yi sauƙi
yadda ka sauƙaƙa na 'ya'yan mutane.
Jan biron na bar shi inda yake.